Nasiha ga Matashin Maharbi: Jakar da Za Ka Hau Dutse da Ita

 Ɗana, ina lura da yadda kuke shirin shiga daji in kaka ta wuce, ciyawa ta fara bushewa. Mutum zai wuni yana wasa wuƙa, ya kai bindigarsa wurin maƙeri a duba mata kunama, ya yi ta kiwon karensa, ya nemo takalmi mai kauri. Amma jakar da za ta hau bayansa tun asuba har faɗuwar rana, sai daren tafiya yake tuna ta. A nan zai jawo ta ƙanensa ta makaranta, ya zazzage littattafai, ya cusa kayansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bindigar nan da kake ta tattali, wataƙila sau biyu za ka ɗaga ta a wuni guda, wataƙila ma ka dawo ba ka harba ba. Jaka kuwa tana taɓa jikinka a kowane taku, kuma ita ce za ta yanke ko za ka kai la'asar da ƙarfinka ko tun hantsi ka fara neman inuwa.

Da a fili za ka yi farautarka, a saura da bakin fadama inda ake korar zomo da karnuka, da ban tsawaita ba. A can ko buhu ka ɗaura wa igiya zai kai ka ya dawo da kai. Amma duwatsu ka ce kana so, inda ake samun rema da gadar dutse. Duk wanda ya taka duwatsun Riruwai da ke kudancin jihar Kano, ko na Ningi a Bauci, ko ya hau Kwatarkwashi a Zamfara, ya san wurin ba na wasa ba ne. A ƙarni na 19 dawakin Kano da na Bauci sun sha kai yaƙi Ningi, duwatsun nan suna mayar da su. Inda ya gagari doki, nan za ka taka da ƙafarka. Akwai falalen dutse mai santsi, akwai tsakuwar da ke gangarewa a ƙarƙashin takalmi, akwai kwazazzabon da sai ka dafa da hannu biyu kafin ka sauka, akwai sarƙaƙiyar da sai ka durƙusa ka rarrafa. A irin wannan wuri abu biyu nake so jakarka ta yi maka: ta sakar maka hannuwanka duka biyu, kuma kada ta motsa sai in kai ka motsa.

Ban raina burgami ba. Da shi kakanninmu suka yi farautar da har yau ake ba da labarinta. Fata ce da ta sha jima, ƙaya ba ta huda ta da sauƙi, ba ta ƙara in ta gogi reshe, in kuma ta ɓarke kowane baduku zai ɗinke ta. Sai dai a kafaɗa ɗaya ake rataya shi, kuma lilo yake yi. Ka sunkuya za ka dafa dutse, sai ya zamo gaba ya shiga tsakaninka da abin da kake son kamawa. Ka yi tsalle za ka ƙetare rami, ƙafarka ta sauka, shi kuwa bai gama tafiyarsa ba, sai ya fizge ka gefe. A fili wannan fizga tuntuɓe ce kawai, ka kaɗe ƙura ka wuce. A bakin kwazazzabo karaya ce, ko abin da ya fi karaya, a wurin da mota ba ta zuwa, sai abokan tafiyarka su bar farauta su koma ɗaukarka.

Ka tuna yadda mahaifiyarka take goyon ƙanenka. Takan ranƙwafa ta kwantar da shi a tsakiyar bayanta, ta ja zane ta matse shi da jikinta, sannan ta kawo majanyi ta tallabe shi daga ƙasa ta ƙulle a ƙugu. Da shi a baya za ta yi daka, ta yi shara, ta je rijiya ta dawo, bai karkace ba, bai yi lilo ba, hannuwanta kuma suna aikinsu. Duk ilimin jakar goyo yana nan: kaya su manne da baya, su zauna a tsakiya, a tallabe su daga ƙasa.

Na san wasu a cikinku suna ganin jakar goyo kayan 'yan makaranta ce, ba ta dace da maharbi ba. Su sani cewa a 1991 an tsinci gawar wani mutum a cikin ƙanƙarar duwatsun Alps, kan iyakar Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce. Ana kiran sa Otzi. An same shi da baka, da kwari mai kibiya 14, da gatarin jan ƙarfe, da wani lanƙwasasshen itace da allunansa da masana suka ce ginshiƙin jakar goyo ne. Mai baka da kwari ne irinku, kuma da ya zo hawan dutse, a baya ya goya kayansa.

To, ka fara duba ɗamarar ƙugu, domin nan ne yawancin masu saye suke yin asara. Kafaɗa ba a yi ta don ɗaukar nauyi na tsawon wuni ba. Ta ƙarƙashin wurin da hannun jaka yake dannawa, tsakanin wuya da kafaɗa, jijiyoyin da ke aiki da hannunka suke bi. In nauyi ya daɗe a kansu za ka ji yatsunka sun yi nauyi, hannu ya fara mutuwa. Likitocin soja sun daɗe da sanin wannan ciwo a wurin kuratan da ake ɗora wa kaya masu nauyi, har wani yakan yi makonni bai iya ɗaga hannu sosai ba. Kai kuwa da wannan hannun za ka saita bindiga ko ka ja tsarkiya. Maharbin da hannunsa ke rawa raunata dabba yake yi ta gudu ta je ta mutu a banza, kuma wannan alhaki ne. Ƙugu shi ne mai ƙashi mai faɗi, kuma a kan ƙafafu yake zaune kai tsaye. Saboda haka ka nemi jaka mai ɗamara mai faɗin kamar tafin hannunka, mai soso a ciki, wadda in ka ɗaura ta za ta zauna a kan ƙasusuwan nan biyu da kake dafawa in ka riƙe ƙugu. Siririyar igiyar da ake liƙa wa jakunkunan kwalliya ba ta ɗaukar komai, cikinka kawai za ta yanka. In ɗamara ta zauna daidai, mafi yawan nauyin ƙugu ne zai ɗauka, hannuwan jaka kuma aikinsu ya zama riƙe ta kada ta faɗa baya.

Amma ɗamara ba za ta sauka inda ya kamata ba sai tsawon jakar ya yi daidai da tsawon bayanka. Mutum biyu za su yi tsawo ɗaya, bayan wannan ya fi na wancan, don ɗaya ƙafafu ne suka ɗaga shi. Ka sunkuyar da kanka, ka shafa gindin wuyanka, za ka ji wani ƙashi ya taso. Daga nan zuwa daidai saman ƙashin ƙugu, shi ne awonka. Ka sa tela ya auna maka da tef, ka riƙe lambar a kanka. Jakar da ta gaza wannan awo, ɗamararta a kan cibiya za ta tsaya ta hana ka numfashi a hawa. Wadda ta zarce shi kuwa, hannuwanta za su tashi sama da kafaɗa su bar rata, kayan su riƙa rinjayarka baya.

Akwai jakunkuna masu ƙarfe a waje, waɗanda ake ɗaure kaya a jikinsa. Suna da kyau a miƙaƙƙiyar hanya da kaya masu yawa, amma suna nesanta nauyi daga baya, kuma ƙarfen yana sarƙewa a reshe. Wannan matsala ce ta sa wani Ba'amurke mai hawan duwatsu, Greg Lowe, ya ƙera jaka mai ginshiƙi a ciki a 1967, don ta manne da jiki ta bi shi duk inda ya juya. Irin wannan za ka nema. Ka kama jakar da hannu biyu ka gwada naɗe ta. In ta naɗu kamar tsumma, ba abin da zai kai nauyi ƙugu. In ka ji wani abu mai tauri a bangon bayanta, faranti na roba ko sandar alminiyam, to ka ci gaba da dubawa. In kuma akwai raga da hanyar iska tsakanin jakar da gadon bayanka, ka ƙara mata daraja, domin a zafin ƙasarmu bayan da ya wuni jiƙe da gumi ƙuraje yake yi.

Ga wani abu da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba, don shi ba maharbi ba ne. Kafaɗar da kake kafa gindin bindiga a kanta, ta nan hannun jaka ya bi. In hannun ya cika kauri, ko an sa masa maɓalli ko ƙaramin aljihu a daidai wurin, gindin bindiga zai zame, saiti ya ɓaci, bugun da take yi in ta tashi ya same ka a inda ba ka shirya ba. Mai baka kuma ya lura da madaurin ƙirji da jelar igiyoyin da ke reto, kada tsarkiya ta kama su. Madaurin ƙirjin yana da amfani, shi ke hana hannuwan jaka zamewa, amma ka ja shi daidai yadda za ka iya cika ƙirjinka da iska. Duk igiyar da ta yi saura, ka naɗe ta ka ɗaure da roba.

Game da girma, kada ido ya ruɗe ka. Da lita ake auna cikin jaka, kuma fitar wuni guda ba ta wuce mai lita 25 zuwa 35. Babbar jaka tana kiran kaya: in ka ga wuri, sai ka cika shi da abin da ba ka bukata. In kuma ka bar ta rabi, kayan su yi ta kai da kawowa a ciki, sai dai in tana da igiyoyin gefe da za ka ja ka tsuke ta, kuma ina so ka tabbata tana da su. Masu yawon duwatsu suna da ƙa'idar da na yarda da ita: kayan wuni guda kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ɗauka. In kilo 65 ne kai, kayanka su tsaya wajen kilo 6 da rabi. Bindiga tana nan da nata nauyin daban.

Daga cikin wannan kilo 6 da rabi, ruwa ne zai ci rabi, kuma a kan ruwa ba na sassautawa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. A watan Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasarmu, dutse kuma ya sha rana ya riƙa mayar maka da ita daga ƙasa. Mai hawa a irin wannan yanayi yana iya zubar da gumin lita guda a sa'a ɗaya. Ƙoramar da ka sani da damina, a bazara yashi za ka tarar. Kada ka fita da abin da ya gaza lita 3, in hanya da nisa ka ƙara, ka rage wani abin. Ƙishirwa ba ta tsaya a maƙogwaro ba. Ita ke sa kai ya yi nauyi, ido ya yi duhu, ƙafa ta sauka inda ba a aike ta ba. Ka zaɓi jaka mai aljihun gefe masu zurfi da za ka iya zaro gora ba tare da ka sauke ta ba, domin ruwan da sai an sauke kaya an buɗe kafin a sha, mutum yakan yi ta ɗaga shansa har ya galabaita. Ka raba ruwan gora biyu, dama da hagu, ka riƙa sha daga kowace don kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Gorar da ta yi rabi tana ƙara in kana tafiya, kuma gada tana jin ta. Gorar roba mai laushi da za ka matse iskar ta fita ta fi. In ka naɗe gora da jiƙaƙƙen tsumman buhu, ruwan zai yi sanyi yadda na salka yake yi. Ka jefa ƙullin gishiri da sukari ɗaya ko biyu a jakar, irin na kemis, ba su da nauyi.

Shirya kaya ma aiki ne. Mai nauyi ya jingina da bayanka, a tsakiya, ƙasa kaɗan da allon kafaɗa. Mara nauyi, kamar riga da buhun da za ka sa nama, ya sauka ƙasa ko ya koma waje. Guzuri ya zama busasshe: ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki, kilishi in da hali. Wuƙa ta zauna cikin kubenta, bakin gatari a naɗe, domin wanda ya faɗi da baya a kan kayansa zai faɗi. Albarushi da ashana kada su kwana aljihu ɗaya, kuma kowanne a cikin leda saboda gumi. Tocila, bandeji da waya su kasance a aljihun sama inda hannu zai kai cikin duhu. In ka ajiye jaka a ƙasa za ka yi salla ko ka huta, ka zuge zif, in za ka ɗauka kuma ka kaɗe ta, don kunama da kububuwa gindin dutse suke so. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani a cikinku, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafi. Mutanen Kaltungo a jihar Gombe, inda asibitin saran maciji yake, sun san yawan waɗanda jinkiri ya kashe.

Sai yadi. Ƙaya ce alƙalin jaka a dajinmu: farar ƙaya, bagaruwa, sarƙaƙiya. Yadi mai sheƙi mai santsi fita ɗaya zai yi ya koma tsumma, kuma yana kuka duk lokacin da reshe ya goge shi. Ka ja farcenka a kansa a kasuwa ka saurara. In ka ji shi daga nesan hannu, dabba za ta ji shi daga nesan harbi. Yadin tamfol mai kauri ya fi shiru, haka nan nailan mai kauri irin wanda ake kira Cordura yana jure gogar dutse, musamman in lambarsa 500 ce ko 1000. Ka juya cikin jakar ka duba inda aka ɗinke hannuwa da jikinta, nan take fara mutuwa. Ɗinki ya zama ninki biyu ko uku. Zif ya zama mai manyan haƙora. In ka ga an buga YKK a kan marikinsa, na wani kamfanin Japan ne da ya yi suna da ƙarko, ko da yake jabu ya yi yawa, don haka ka ja shi sau da dama ka ji. Ƙurar hunturu tana cin zif, ɗan kakin zuma ko kyandir da za ka goga masa yana ƙara masa kwana. Ka guji aljihu mai abin mannewar nan da ake kira Velcro. Maharbi ne ma ya ƙirƙiro shi, wani injiniya ɗan Suwizalan mai suna George de Mestral, da ya dawo daga daji a 1941 ya tsaya yana nazarin 'ya'yan ciyawar da suka manne a gashin karensa, masu kama da ƙarangiyarmu. Abin yana da amfani a gida, amma a daji ɓare shi ɗaya ya isa ya tashi garken zabi, kuma ƙarangiyar gaske tana cika shi ya daina kamawa.

Launi kuwa, ka tsaya a ruwan ƙasa, ko kakin da ya koɗe, ko kore mai duhu. Baƙi yana shan rana, kuma baƙi da shuɗi su ne launin da tsando ke bi, shi ya sa da su ake ɗinka tarkonsa. In farautar gayya ce, ka ɗaura ƙyalle mai ruwan lemo a bayan jakarka. Gada da barewa ba sa bambance wannan launi da ganye sosai, amma abokinka da ke saitin motsi a cikin ciyawa zai gan shi. A jihohi da dama na Amurka doka ce maharbi ya sa wannan launi, saboda an ga yadda yake rage harbin kuskure.

Abin da zan roƙe ka da girman Allah shi ne ka nisanci jaka mai zanen kakin soja, komai ƙarkonta, komai arharta. Doka ta hana farar hula sa kayan soja, kuma a wannan zamani da dazuzzuka irin su Rugu da Kamuku suka zama maɓoyar 'yan bindiga, mutum da bindiga da kaki a daji ba kowa zai tsaya ya tambaye shi suna ba. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar komawa gida Kano yin Salla. Allah ya jiƙansu. Ba su da laifi, kuma ban ce takarda tana hana azzalumi zalunci ba. Amma abin da ke hannunka ka yi shi: katin shaidarka, katin ƙungiyarku ta mafarauta da lasisin bindiga su zauna cikin leda a aljihun ciki, kullum. Ka sanar da Sarkin Baka ko mai unguwar wurin kafin ka hau, kuma gandun da aka hana farauta, irin su Yankari da Falgore, ka bar shi yadda aka ce.

Ranar da za ka je saye, ko gwanjon Ƙofar Wambai ne ko Kasuwar Barci ta Kaduna, kada ka gwada jaka wayam, don jakar da ba komai a cikinta kowacce daɗi gare ta. Tsohuwar jakar gwanjo mai ƙwari ta fi sabuwa mai ƙyalli, amma ka duba sosonta bai mutu ba, maɓallin ɗamara kuma bai tsage ba. Ka sayi ledar fiya wata goma sha biyu, kowace rabin lita ce, ka ga kilo 6 ke nan. Ka zuba a ciki, ka goya. Ka fara ɗaure ƙugu, sannan ka ja hannuwa, sannan ƙirji. Ka yi tafiya, ka tsuguna, ka sunkuya kamar mai ruku'u, ka juya dama da hagu da sauri, ka ɗaga kai sama ka ji ko jakar tana tokare maka ƙeya, domin mai hawa sama yake kallo. Ka ɗaga hannu kamar kana saiti. Ka ɗauki minti goma ko fiye, ko mai kaya ya ƙosa. Duk inda ka ji ɗan tsikari a kasuwa, a kan dutse gyambo zai zama. In komai ya yi sai abu ɗaya, misali ɗamara ta yi siriri, kai wa baduku ya faɗaɗa ta ya sa mata soso. Dukawanmu sun iya, kuma kuɗin kaɗan ne.

Ka tuna da dawowa tun kafin ka fita. In Allah ya ba ka sa'a, gada guda tana iya kai kilo 15 zuwa 20, ga gajiya, ga gangara, kuma gangara ta fi hawa cin gwiwa. Kada ka cusa nama mai ɗumi cikin leda ka rufe a jaka, zafi zai lalata shi kafin ka iso gida. Ka fede, ka bar shi ya sha iska, ka sa a buhun da iska ke ratsawa, ka ɗaure shi tamau a jikin jakar da igiyoyin gefe, kusa da bayanka. In ya fi ƙarfinka, ku raba da abokin tafiya ko ka yi sawu biyu. Da ka isa gida, a daren ka wanke jinin da ruwan sanyi, domin ruwan zafi kama shi yake yi a yadi, ƙarnin kuma dabba za ta shaƙe shi a fita ta gaba, ɓera ma zai bi shi ya huda jakar. Ka shanya ta a inuwa, don rana tana cin nailan. In ta bushe ka bi ɗinkin hannuwa da na ɗamara da yatsa, duk inda zare ya fara saki ka kai a kama shi a makon nan, sannan ka rataye ta a ƙusa, nesa da ƙasa.